Wayar da Mma ta jira

Na daɗe ina ɗora wa kamfanonin waya laifin da yake nawa. Yanzu da na zauna zan rubuta, ina roƙon Allah ya ba ni ikon faɗin abin yadda ya faru, kar in wanke kaina. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Ni direba ne. Ina jan motar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa shagunan cikin Accra, in fita bayan sallar asuba, in dawo gab da magariba. Ina zaune a Nima da matata. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tana Maamobi a gidan da aka haife mu, gida mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya a tsakiya. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, ni da ƙanwata. Ƙanwar tawa ta tafi aikatau ƙasar Larabawa, aka ce shekara biyu, ga shi ta shiga ta uku.

A gidan da take aiki ba ta samun taɓa waya sai masu gidan sun kwanta barcin rana. A lokacin nan hantsi ne a wurinmu, ni kuma ina kan hanyar Tema. Wayar Mma ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Ana jin murya, ba a ganin fuska. Maƙwabta suna da manyan wayoyi, amma Mma ba ta son aro. Ta ce ba za ta tsaya a ƙofar ɗakin wata tana kuka da 'yarta, mai waya na tsaye tana jiran kayanta ba.

Wata Lahadi ta zuba mini waakye, shinkafa da wake, ta zauna tana kallona ina ci. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana.

"Babana," ta ce, "irin wayar nan da ake ganin mutum a ciki nake so. In ga ko yarinyar nan tana cin abinci. A murya kullum lafiya take cewa."

"An gama, Mma," na ce, bakina cike da shinkafa.

A unguwarmu akwai yadda ake yi da waya. Ba ta mutuwa a hannu ɗaya. Namiji ya sayi sabuwa, tsohuwar ta gangara wurin matarsa ko uwarsa, daga can ta gangara wurin wani, har ranar da allonta zai farfashe. Shi ya sa ko sau ɗaya ban yi tunanin saya wa Mma sabuwa ba. Shirina shi ne in saya wa kaina, in goge tawa in kai mata. Ba zan iya ba ta tawa kafin nan ba, don da ita masu kaya suke nemana. Kuɗin kuwa suna hannuna. Ina so a san wannan da kyau: ba rashi ne ya hana ni ba.

Abin da ya hana ni shi ne suna. Akwai bencin da muke zama a bakin titi ranar Lahadi bayan la'asar muna shan shayi, kuma a can Injiniya ake kirana. Duk wanda zai sayi waya sai ya tambaye ni. Na san wadda batirinta ke kai yamma, na san wadda ke zafi a aljihu. Ina kallon bidiyon da kamfanoni ke yi idan za su fito da sabuwa, wani mutum a kan dandali yana ɗaga ta sama ana tafi. Sai na ga ai bai dace Injiniya ya sayi wayar da za ta zama ta bara nan da wata biyu ba.

Na je Circle, inda kasuwar wayoyi take, wurin wani ɗan Nima da ke sayar da wayoyi. Ya ajiye mini guda uku a kan gilashi.

"Waɗannan sun kusa tsufa," na ce masa. "Ƙanwar wannan tana fitowa cikin azumi."

"Chale, abokina, ɗauki wannan ka tafi," ya ce. "Wadda ka gani a bidiyo, kafin ta iso Ghana gemunka ya yi fari."

Na yi dariya na tafi hannu wofi.

Cikin azumi suka nuna ta, amma suka ce sai bayan mako shida za a fara sayarwa, kuma a ƙasashensu. Ƙaramar Sallah ta wuce. Ba ta iso Accra ba sai bayan layya, kuma wadda ta zo ba ta kai ta bidiyon ba, an rage mata wurin ajiya. Na fusata ƙwarai. Ina cikin fushin wani kamfanin ya ce tasa na nan tafe wata mai zuwa, ta fi wannan kyamara. Na ce to, wata ɗaya ai ba komai ba ne. Watan ya zo, suka ɗaga ranar.

A benci na yi ta zaginsu. Na ce ba su ɗauke mu mutane ba, sai sun ƙoshi su turo mana saura. Na ce da gangan suke yi, ka saya yau gobe su sa ka ji kunya. Har yau ina ganin akwai gaskiya a maganar. Wani dattijo mai wankin hula da ke zama kusa da mu ya taɓa cewa, "Injiniya, kai da ba ka saya ba ka fi waɗanda suka saya shan wahala." Aka yi dariya, har da ni.

Sau biyu Mma ta sake tambaya. Na yi mata bayanin kamfanoni da ranakun fitowa, tana gyaɗa kai kamar tana ganewa. Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni kuma na ji daɗin hakan, Allah ya yafe mini. A cikin watannin nan ta ce ƙwan lantarkin ɗakinta ya rage haske. Na canza. Ta sake faɗa, na sake canzawa, har ina mita cewa kayan yanzu ba su da ƙarko. Ta daina zuwa Kasuwar Malam Atta, ta koma ba wa maƙwabciya saƙo. Na ce tsufa ne da ciwon gwiwa.

Wata Juma'a motata tana gareji, sai na sayi koko da ƙosai na nufi Maamobi da hantsi. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki da carbi. Na ce bari in tsokane ta, na tsaya a gabanta ban yi sallama ba. Tsakaninmu bai fi taku uku ba. Ta ɗaga kai ta dube ni sosai.

"Wa ake nema?" ta ce.

Na ajiye ledar kokon a gefenta. Na yi sallama, sai ta yi dariya ta ce rana ce ta haske mata ido. Ba rana a wurin, inuwar bango ce.

Daga masallacin Juma'a na hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Circle. Mai shagon yana ganina ya fara.

"Injiniya! Yau kuma wace ce za ta fito?"

"Ba ni wadda allonta ya fi girma."

"Wane kamfani?"

"Ko wanne."

Ya dube ni, bai ƙara wasa ba. Ya ɗauko wata a kwalinta, ta bara ce, irin wadda na raina. Ban tambayi batiri ba, ban tambayi kyamara ba.

Daga baya na kai Mma asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ga kuma yana ta rufe idon. Za a iya riƙe ɗan abin da ya rage da magani, amma wanda ya tafi ya tafi. Ya ce da an zo da wuri da an tsira da fiye da haka. Wannan ma nawa ne, ina ɗauke da shi.

Amma kafin asibitin, washegarin ranar da na sayi wayar, na ƙi fita aiki. Na aika wa ƙanwata saƙo, na zauna kusa da Mma a kan tabarma muna jira. Da hantsi wayar ta yi ƙara. Fuskar ƙanwata ta cika allon, tana cikin wani ɗan ɗaki mai injin wanki, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Mma! Mma, ga ni! Kina ganina?"

Mma ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta kawo ta kusa har hancinta ya taɓa gilashin, ta matsar da ita nesa, ta karkata kai gefe.

"Ina ganinki," ta ce. "Ga ki nan fes."

Sai ta miƙo mini in riƙe mata, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Babana, ta rame?"

Na duba ƙanwata. Ta rame, ƙasusuwan wuyanta sun fito. Amma tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ta ɗan rame, Mma. Amma fuskarta da haske. Mayafinta ruwan toka ne. Wushiryarta tana nan."

"Ina za ta je da ma?" in ji Mma, ta yi dariya. Ta ɗaga murya. "Ke, ba kya cin abinci ko? Na gan ki duk wuya."

"Ina ci, Mma, wallahi. Yaya, me kuke raɗa?"

"Ba ruwanki," Mma ta ce. "Tsakanina da babana ne."

Suka yi hira kamar minti goma, ina raɗa mata abin da nake gani, har aka kira ƙanwata daga cikin gida ta kashe da sauri. Mma ta shafa allon da tafin hannunta.

"Mma, ki yafe mini," na ce. "Na daɗe."

"Ai na san mai kyau kake nema mini."

Da na yi shiru da maganar ta wuce a haka. Na kusa yin shirun.

"Ba ke nake nema wa ba, Mma. Kaina nake nema wa. Ke tsohuwar tawa zan ba ki."

A tsakar gida wata tana tara ruwa a bokiti. Can sai Mma ta laluba ta kama gwiwata.

"Na ji. Allah ya yafe mana duka," ta ce. "Gobe in ta kira, ka ce ta tsaya kusa da taga. In akwai haske a bayanta ina ganin girman kanta."