Goggon da Ba Ta Fita a Hoto

Jiya na ga wani tsohon mazari a shagon 'yan koli, sai goggona ta faɗo mini a rai. Ƙanwar babana ce, kuma a ƙauyenmu na Kiyako ba macen da ta kai ta kaɗi. Da kaka, in an ciro auduga, tun hantsi za ka same ta a gindin bishiyar bedi, yatsunta fari fat da alli, mazari yana ta juyawa. Masaƙa daga Gwaram zarenta suke nema. Baƙa ce wuluk, irin baƙin da ke sheƙi in ta shafa man shanu.

Shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, wasu mutane suka zo daga birni za su ɗauki hoton sana'ar mata don kalanda. Da maza suka yi maganar a zaure, mu na cikin gida dai aike kawai aka yi mana. Goggo ta ƙunsa lalle, ta ɗaura zanen saƙinta, ta zauna da taskirarta ta auduga.

Mai hoton ya leƙa ta cikin kyamara, ya daɗe, sannan ya ce wa babana, "Malam, wannan ta yi duhu, ba za ta fito ba. Ba ku da wata mai haske?"

Aka kira matar yayana, fara sol, wadda ko zaren ɗinki ba ta taɓa kaɗawa ba. Babana ya ce wa goggo, "Ba ta aron kayan, ai yanzu za su gama." Goggo ta miƙa. Ina tsaye, shekarata tara, takaici ya cika ni, amma wa zan gaya wa?

Da kalandar ta iso aka rataye ta a zaure. Maza suna ta yabo. Mata kuwa duk wadda ta leƙa sai ta toshe baki da gyale, don matar yayana ta riƙe mazarin a kife. Goggo kaɗai ba ta yi dariya ba. Daga ranar, ko da biki aka ce ta shigo layin hoto, sai ta ce, "Ku bar ɓata fim ɗinku, ni ba na fitowa."

Yau jikata sai ta ƙara wa fuskarta haske a waya kafin ta tura wa ƙawaye hotonta. Na yi faɗa har na gaji. Kwanan baya ta tambaye ni kamannin goggo, na zazzage akwati kaf, ban sami abin nuna mata ba.