Takardar Sigari a Jikin Fiyus

Ornella Bertuzzi ta fara naɗa kwayil na wayar lantarki tun tana budurwa, a wata ƙaramar masana'anta da ke bayan garin Bologna, inda ake ƙera filifa, teburin wasan nan na ƙwallon ƙarfe. A can ta haɗu da mijinta Attilio. Da aka rufe masana'antar sai suka koma Rimini, suna bin shagunan kofi na bakin teku suna gyara. Attilio ya rasu ya bar mata jakar kayan aiki, da 'yar mota mai ƙafa uku, da filifa guda wadda ya haɗa da hannunsa ya ajiye a shagon ƙanensa Gualtiero.

Wata Asabar cikin Agusta fiyus ɗin teburin ya ƙone. Ornella ta zo da mitarta ta bi kowane kwayil, ta gano na hannun dama ne wayarsa ta haɗe daga ciki. Ta zare filogi.

"Kada ka kunna sai Litinin, in kawo sabon kwayil."

"Litinin?" in ji Gualtiero. "Ga baƙi cike da gari?"

"Na dai faɗa maka."

Tana ba da baya ya yagi takardar ƙyalli ta kwalin sigarinsa, ya naɗe mataccen fiyus ɗin ya mayar. Kafin yamma hayaƙi ya kori kowa daga shagon.

Da Ornella ta dawo ta ɗaga gilashin teburin, sai ta tarar kwayil ya narke, wayoyi sun manne, allon da Attilio ya yi wa fenti ya koma gawayi.

"Tsohon kaya ne, Ornella," Gualtiero ya ce. "Dama kwanansa ya ƙare."

Ta fizgo fiyus ɗin, ta warware takardar, ta cusa masa ita a hanci.

"Tsufan ne ya naɗa wannan? Tsufan ne ke shan irin sigarinka? Fiyus yana mutuwa ne don sauran su tsira, jaki kawai!"

"Haba, rage murya, akwai mutane."

"Su ji mana! Aikin yayanka ka gasa saboda cinikin wuni ɗaya!"

Ba ta bari ya taɓa teburin ba. Masunta biyu ta kira suka ɗora mata shi a mota.

Duk hunturun nan a kicin ɗinta ta yi shi, tana naɗa waya tana zagi. Fentin kam bai dawo ba. Da teburin ya tashi, shagon wata tsohuwa Dirce ta kai shi, daidai ƙetaren titi, inda Gualtiero zai riƙa jin ƙararsa. Ta daina zuwa abincin Lahadi na dangi. Ya aiko matarsa da kwanon taliya. Ta karɓa, ta gode wa matar, shi kuwa ko gaisuwa.

Ta ci gaba da gyara har tsufa ya kama ta. Duk mai shagon da ya kira ta, kafin ta buɗe jaka sai ta ce ya nuna mata fiyus tukuna.