Ranar da Tikaram Ya Tashi Sama

Duk baƙon da ya sauko daga duwatsu da yagaggen takalmi, mutanen bakin tafkin Fewa sukan nuna masa gindin bishiyar da Tikaram Mijar yake zama. Kayan aikinsa ba su wuce akwati ɗaya ba: basilla, zare, gwangwanin gam, sai guntun buhu da yake shimfiɗawa ya miƙe ƙafarsa ta hagu.

Ɗinkin takalmi sana'ar mahaifinsa ce, kuma ita ya guje wa yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya bar ƙauyensu ya shiga dakon kayan masu hawan dutse. Shekara ashirin da shida yana tafe da maɗauri a goshi da kwando a baya, yana bin baƙi har inda bishiya ba ta tsirowa. Ya ɗauki tanti, ya ɗauki tukunyar gas, ya taɓa goya wata tsohuwa 'yar Japan wuni guda da numfashinta ya sarƙe. Gwiwa ce ta sallame shi. Wata shekara suna gangarowa daga mashigar dutse ta Thorong ya ji ta yi ƙas, ya ƙarasa tafiyar da sanda, daga nan bai sake komawa ba.

Da farko zaman ya dame shi. Daga baya ya ga ashe hannunsa bai manta ɗinki ba, ga hira tana zuwa har inda yake. Yakan juya takalmi ya dubi dunduniyarsa, ya faɗa wa mai shi hanyar da ya biyo, kuma ba kasafai yake kuskure ba. Matarsa Dilsara tana gefe da rumfarta, tana dafa shayi tana soya sel roti, wata irin wainar shinkafa mai siffar zobe, su yi ta cacar baki tun safe har yamma, kowa ya saba da su.

'Yarsu ɗaya, Pabitra. Tana gama makaranta ta fara zuwa filin da masu tashi da laima suke sauka, tana taya su naɗe laimomi. Kafin iyayenta su ankara ta koyi tuƙin, ta samu takardar izini, ta shiga ɗaukar baƙi daga kan dutsen Sarangkot tana shawagi da su bisa tafki. Tikaram bai hana ta ba, amma bai taɓa ɗaga kai ya kalle ta ba. In laimarta ja ta biyo ta samansa, sai ya ƙara sunkuyar da kai kan aiki.

Wata safiya ya tarar da rumfar shayi a rufe. Can wajen hantsi sai ga Dilsara ta iso, gashi a hargitse, baki ya ƙi rufuwa.

"Baban Pabitra, na ga rufin gidanmu! Kwano biyu sun yi tsatsa, ka ce min ɗaya ne."

"Daga ina kika gani?"

Ta nuna sama da yatsa. "Yarinyarka ta kai ni. Kai da kake cika mana kunne da labarin ƙanƙara, ashe tsoro ne fal cikinka."

"Ni ƙafata na yarda da ita, ba zani da igiya ba."

"Wace ƙafar? Mai ƙara, ko ɗayar?"

Masu kwalekwalen da ke shan iska kusa da su suka kwashe da dariya. Sati guda kullum sai sun tambaye shi yaushe ne tashin. Ran na takwas ya rufe akwatinsa, ya shiga motar da ke kai mutane Sarangkot.

A can sama Pabitra ta ɗaura masa ɗamara, ta bi kowane maɗauri ta ja, ta sake ja. Shi kuwa ya kama ɗinkin ɗamarar yana dubawa da idon sana'a, ya ga ba wurin kushewa.

"Baba, in na ce gudu, ka yi gudu. Kada ka zauna, kada ka tsaya."

"Da wannan gwiwar?"

"Taku biyar kawai. Sauran nawa ne."

Ko taku huɗu bai yi ba ya ji ƙasa ta suɓuce masa. Ya runtse ido, ya kira sunan duk wani abin bauta da ya sani. Da ya ji shiru, sai iska kawai a kunnensa, ya buɗe ido ɗaya. Tafkin na can ƙasa kore shar, kwalekwale kamar ɓawon gyaɗa. Wani shaho yana juyi daidai da su, ko kallonsu bai yi ba. Pabitra ta karkata laimar zuwa arewa, fararen duwatsu suka tsaya a gabansu, ga wata siririyar hanya tana hawa cikin gonakin shinkafa.

"Waccan ai hanyar Dhampus ce!" in ji shi. "Wuni guda nake yi kafin in kai waccan kwanar. Dubi ɗan tsawonta!"

Ya yi dariya har ta koma masa tari. Daga nan bakinsa bai huta ba: nan suka taɓa kwana a rugar masu kiwon ɓauna, can matsattsaku suka cika masa ƙafa, can gaba akwai matar da ta fi kowa iya miyar wake. Pabitra tana bayansa tana saurare, tana jan igiya a hankali. Sai da ta ce ya ɗaga ƙafafu za su sauka sannan ya tuna da tsoro. Suka dire da mazaunai cikin ciyawa, ya jima a zaune kafin jiri ya sake shi.

Bai ƙara hawa ba, ya ce sau ɗaya ya ishi mai hankali. Sai dai tun daga ranar matuƙa laima suka mai da gindin bishiyarsa wurin hira, suna kawo masa jakunkuna da safar hannu ya ɗinke musu. Laimar kanta ce ya ƙi taɓawa, ya ce a kai wa waɗanda suka koya.

Yanzu yana da shekara sittin da uku. Pabitra ta auri wani abokin aikinta, har tana da ciki, ta ajiye tashi sai bayan ta haihu. Takan zo ta zauna kan akwatin ubanta tana cin gyaɗa, mijinta na can sama da baƙo, ita da uban suna ta kushe yadda mijin yake saukowa.