Fim ɗin da na nuna wa autana

A da, idan uba ya samo wa ɗansa aiki, ɗan yakan ɗaure kaya ne kawai. Yanzu sai ya tambaye ka dalili, yana kallon tsakiyar idonka.

Ina saurayi, ina aiki a masana'antar narka ƙarfe a bakin teku, na ga wani fim baƙi da fari, da Faransanci. Tsoho ne mai hura wutar narka ƙarfe, ɗansa ya ƙi gadon aikin. Na zauna cikin Larabawa, na zauna cikin mutanen kurmi, ban taɓa haɗuwa da wanda ya san fim ɗin ba. Ni kuwa na riƙe shi. Da na dawo Gure, duk yarana sun ji labarin ɗan banzan da ya kunyata ubansa.

Bara wani tsohon abokin aikina ya samo wa autana gurbi a wurin haƙar ma'adinai, can arewa. Yaron ya fi son kabu-kabunsa, yana jigilar mutanen Kelle ranar kasuwa. Na ce ya nemo fim ɗin a wayarsa, ya ga irinsa. Ya kuwa samo.

Bayan la'asar muka zauna a zaure, muka jingina wayar da buta. Abin da na gani a bango mai tsawon raƙumi biyu, ga shi bai kai tafin hannu ba. Tsohon ya fito yana tari. Na manta da tarin nan sam.

"Baba, wannan ai muryarka ce da asuba," in ji shi.

"Rufe mini baki, ka kalla."

"Ina kallo. Shi wannan shef ɗin, shugaban masana'antar, ko sunan tsohon bai sani ba. Naku ya san naka?"

Na ce yaron zamani ba ya jure zafi. Ya ce ranar Gure ta ishe shi, kuma ita ba ta shiga huhu. Da ɗan tsohon ya ajiye hular ƙarfe ya fita, sai mara kunyar ya tafa, a zaurena.

Har yau ina cewa tsohon ne mai gaskiya. Fim ɗin ne ya ci amanarsa, ya tsaya kan ƙirjinsa, ya ƙi nuna gidan da ya ciyar.

Gurbin kuwa, wani ne ya samu. Tun ranar autana bai sake neman izinina a kan aiki ba, sai dai ya sanar da ni.