Deolinda da Hayaƙin Gidan Ubana

Deolinda 'yar kawuna ce, kuma in ka ji na ce ta fi dutsen garinmu taurin kai, to ragewa na yi don kada a ce na cika ƙari. A tsaunukan Beira na Fotugal aka haife mu, ƙofa na kallon ƙofa. Ubanta ya yi aiki a tsohon ramin yuraniyom har ƙirjinsa ya koma zugazugi mai huda, ya rasu tana budurwa. Mijinta ya tafi Faransa aikin gini, ya manta hanyar gida. Aka bar ta da awakinta, da cukun da take yi, da ni, wanda na shiga gidanta cin abincin rana wata Lahadi, shekaru suka yi ta wucewa ban tashi ba.

Da duniya ta tashi da ƙishirwar wutar nukiliya sai aka tuna da mu. 'Yan Kanada suka zo, Faransawa suka biyo sawunsu, 'yan Sin suka zo leƙen abin da waɗancan suka leƙa. Kowa da na'urarsa mai ƙas-ƙas. Na rantse har jakin Kawu Aníbal, wani dattijon garinmu, sai da suka auna.

Tsaunin bayan gari suke so, inda awakin Deolinda ke kiwo, inda idon ruwanmu yake. Tsaunin na gari ne, ba a ba da hayarsa sai an ɗaga hannu a taro. Mu kuwa murhu muke ƙirgawa: gidan da ya yi hayaƙi duk tsawon lokacin sanyi, shi ke da hannu ɗaya. Kawu Aníbal, shugaban taron, ya riga ya hango kansa a sabuwar mota. Ya bi gida-gida yana zaƙin baki, har masu cewa a bayar suka fi mu masu ƙi da gida ɗaya.

Ran nan Deolinda ta dawo kiwo, ta same ni ina gyangyaɗi a gindin murhunta. Ta tsaya tana kallona kamar yau ta fara ganina.

"Belmiro, gidan ubanka yana nan ko?"

"Bango huɗu da sararin sama, 'yar kawu. Ko mujiya ta ƙi shi."

"Tashi. Yau ka zama magidanci."

"Haba Deolinda! Sanyi zai kashe ni!"

"In ka mutu mu ƙona ka a ciki, wannan hayaƙin ma ya isa."

Ta ɗora katifata a baro, ta ɓamɓaro kwanon rufin garken awaki ta kafa mini. Sanyin da na sha, in na yi atishawa sai ta faɗi ƙasa ta fashe. Icen ɗanye ne, hayaƙi ya riƙa fita ta taga, ta ƙofa, ta kunnuwana, har 'yan kwana-kwana suka taso daga birni. Duk safiyar da na makara ban hura wuta ba, sai in ji ruwan duwatsu a kan kwano. Daga kan tsauni take jifa, ba ta kuskure.

Kawu Aníbal ya zo mini da kwalbar ruwan inabi.

"Ɗana, kamfani zai so mai gadi. Ɗaki mai ɗumi, da hula mai baki. Ka zauna matar nan tana gasa ka kamar kifi?"

Na shanye kwalbar na ce zan yi tunani.

Ranar taro, bayan an fito coci, muka tsaya a dandali, baƙin suna gefe da tafintansu. Kawu Aníbal ya ce kada a ƙirga ni, wai wancan turke ne, ba gida ba.

Deolinda ta ce, "Kawu, da girmanka? Tambayi Gwaggo Alzira matarka, hayaƙin wa ya hana ta shanya?"

"Gida ne, gidan bala'i!" in ji Gwaggo Alzira. "Zanin gadona har yau ƙauri yake!"

Aka kwashe da dariya, aka ƙirga ni.

Masu a bayar suka ɗaga hannu. Sai namu. Na tsaya ina sosa ƙeya, don in ga fuskar Deolinda ta koma kamar jan barkono. Hular nan mai baki ta ba ni sha'awa, gaskiya. Amma ruwan idon nan nake sha tun ban da haƙori, kuma ta taga na riƙa jin tarin uban Deolinda ina yaro. Na ɗaga hannu har sai da kafaɗata ta yi ƙara.

Hannu ya zo daidai. In kuwa ya zo daidai, tsauni yana nan yadda yake.

Wani dogo cikin baƙin ya sa tafinta ya ce za su je Lisbon, babban birnin ƙasar, su dawo baɗi, domin duniya tana bukatar wuta.

Deolinda ta gyara ɗankwali. "Gaya masa ya faɗa wa duniya ta zo ta hura murhu a nan, ta ci sanyi ɗaya. Sannan ta ɗaga hannu."

Da yamma na turo katifata a baro har ƙofar gidanta. Ta tare ƙofar, waya a kunne, tana zazzaga wa wani ɗan gwaggonmu da ke Faransa masifa kan gidan uwarsa da ya bari a rufe.

Ta rufe bakin wayar da tafi. "Kai kuma ina za ka? Ba ka ji sun ce baɗi ba? Juya."