Tsibirin da Baba Ya Yi wa Sallama

Shekarar da haƙorana na gaba suka zube, muna tsakiyar Bahar Maliya a hanyarmu ta Makka, iska ta ɗauke cak. Jirginmu, mai tafiya da iska, ya tsaya kamar an ɗaure shi a turke, rana na dukanmu, ni kuwa na kasa zama wuri guda. Can gabanmu ga wani tsibiri baƙi ƙirin, hayaƙi na tashi daga kansa.

Mu mutanen Zakirai ne. A wajenmu gona manne take da gona, ko taku ɗaya ba a bari a banza, kuma tun ina ƙarama aikina ne tara toka da kashin awaki a loda wa jaki zuwa gona. In ka hangi hayaƙi, to wani ne ke ƙona sharar gonarsa. Shi ya sa da matuƙa suka ce babu kowa a tsibirin, dutsen ne da kansa ke aman wuta, Baba bai yarda ba. Ya nace sai ya je ya gani da idonsa. Mai jirgi ya ba shi kwalekwale, amma ya ce ta bakin tafinta, iska na dawowa zai tashi, ba ya jiran kowa. Inna ta roƙi Baba, ya ƙi. Ni kuma na maƙale a rigarsa har ya ɗauke ni.

Da muka sauka, Baba ya gyara hula, ya yi sallama da ƙarfi, ya tsaya jiran amsa. Shiru, sai wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙasa na ƙona mini tafin ƙafa, ina ɗaga wannan ina sauke wancan. Muka yi ta hawa, babu ciyawa, babu rijiya, babu sawun akuya. Ya durƙusa ya damƙi toka yana murzawa, ya ce, "Taki har haka, ba mai nomawa?" Yana cikin faɗa mini inda zai sa dawa da inda zai sa gero, sai ƙasa ta yi gurnani a ƙarƙashinmu, duwatsu suka fara gangarowa. A daidai nan na ji iska ta kaɗa mini zane. Na waiga, na ga ana ɗaga ƙyallen jirgi.

Baba ya saɓa ni a kafaɗa ya gangaro a guje, yana zamewa yana tashi, takalminsa ɗaya ya tsaya a can. Da muka iso, muka tarar da Inna zaune daram a kan igiyar da ake janyo ƙarfen da ke tsayar da jirgi, Larabawan jirgin na ta yi mata faɗa, ita ko kallonsu ba ta yi. Sai da aka miƙo mata ni ta tashi. Ta duba ƙafafuna da suka yi bororo, ta ce wa Baba a hankali, "Malam, ka gama kallon?"

Yanzu ko bakin rijiya sai jikoki sun riƙe ni, in na ba su labarin nan kuwa sai su dubi juna suna murmushi. Babu sauran mai shaida mini. Inna da ta hana a tafi a bar ni, ita da Baba duk sun tafi sun bar ni.