Kamfanin Sadisu a Ɗakin Gyaɗa

Sadisu shi ne na shida a gidan Malam Buraima na Matameye, kuma da wuya a samu sunan da ya sha kira kamar nasa a unguwar. Tun da safe ake farawa: Sadisu ɗebo ruwa, Sadisu kori akuya, Sadisu wa ya ce ka taɓa rediyon nan. Rediyon shi ne abu na farko da ya kwance yana ɗan shekara tara. Ya mayar da shi daidai, in ban da ƙusoshi uku da suka rage masa a hannu, waɗanda har yau ba a gano aikinsu ba.

Mutum ɗaya ce a dangi ba ta ce masa Sadisu, wato Gwaggo Basira, ƙanwar mahaifinsa, wadda ke ɗinki a gidanta bayan kasuwa. Ita tun yana rarrafe Malam Ƙarami take kiransa. Shi kuwa ya ɗauka kaifin ƙwaƙwalwarsa ta hango da wuri, don haka ya girma yana ganin duk dangi babu mai hangen nesa kamarta.

Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a gari, ya wuce Damagaram ya karanci aikin ordinatar, wato kwamfuta. Daga nan wani ofishi a Yamai ya ɗauke shi, ya shekara biyu yana gyara kurakuran da wasu suka rubuta, yana barin nasa don na baya su samu abin yi. Wata rana da rani sai ga shi ya sauka a tasha da jaka biyu, ya ce ya dawo gida zai buɗe kamfanin manhaja. Bai nemi tallafin kowa ba. Motonsa mai ƙafa biyu ya sayar, ya sayi faifan hasken rana da baturi da tebur, da kujeru biyu, ɗaya tasa ɗaya ta masu zuwa. Kujera ta biyun ta daɗe tana hutawa.

Wurin zama kuwa mahaifinsa ne ya ba shi, ɗakin da ke kusa da zaure, inda ake tara buhunan gyaɗa. An riga an kwashe ta bara, sai ƙamshi ya rage. Malam Buraima ba mutum ne mai yawan magana ba, shi ya sa in ya yi ake riƙewa.

"Ɗakin nan na gyaɗa ne, aro ta ba ka," ya ce. "Da kaka za ta dawo. Kafin nan ka nuna mini mutum ɗaya da ke aiki da abin nan naka don yana buƙata, ba don yana jin tausayinka ba. In ka nuna, gyaɗa ta nemi wani wuri. In ba ka nuna ba, garkar rake tana nan a Dawce, ita ba ta tambayar takardar makaranta."

Abin da Sadisu ya ƙudurta shi ne manhajar teloli. Yana da tsohon ciwo a kan wannan, domin akwai wata Salla da aka ɗinka masa riga da hannayen wani mutum dogo, ya wuni yana gaisawa da jama'a ta cikin yadi. Ya lura teloli a jikin bango suke rubuta awo, ko a guntun kwali, ko su ce yana kansu. Ya kuma lura da yawansu ba su damu da rubutun boko ba. Sai ya ce tasa manhajar da baki za a yi mata magana: tela ya faɗi sunan mai kaya, ya faɗi awo, waya ta ajiye. Gobe ya sake faɗin sunan, awo ya fito.

Don wayar ta iya gane sunaye, wata uku ya yi yana yawo a ƙafa da motar haya, daga tashar Matameye zuwa kasuwannin Kance da Yauri, yana roƙon mutane su faɗi sunaye yana ɗauka. Wasu sun zaci rabon abinci za a yi, suka haɗa masa har da sunayen waɗanda suka rasu. A ƙarshe ya tara suna sama da ɗari huɗu, ya koya wa manhajar har ta kai tana gane Zakariya daga bakin tsohon da ba shi da haƙori ko ɗaya. Wannan shi ne abin alfaharinsa. Kuma don kada kuskure ya shiga, ya sa mata doka: duk abin da ba ya cikin jerin, ta ƙi shi. Da muryarsa ya ɗauki amsar, a tsanake kamar mai karanta labarai: "Wannan ba suna ba ne. A sake faɗa."

Sai neman mai aiki da ita. Rabi'u tela na bakin kasuwa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya nuna kansa da almakashi ya ce ga ordinatarsa nan, ba ta taɓa neman caji ba. Sauran duk sun ce in sha Allahu, Sadisu kuwa ya yi wata biyu yana lissafa wannan a cikin waɗanda suka yarda. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, bai samu kowa ba. Daga ƙarshe ya tafi wurin Gwaggo Basira, wadda babban ɗanta ya aiko mata da babbar waya daga Agadas, tana amfani da ita wajen haska zare in ya ƙi shiga allura. Ya sa mata manhajar, ya gwada da sunan Anisa, abu ya yi aiki sumul. Ya koma gida yana tafiyar mai kamfani.

Bayan kwana takwas ya dawo duba ci gaba. Gwaggo ta ba shi tabarma, ta dama masa fura, ta tambaye shi lafiyar kowa har da akuyar gidan, amma ba ta ambaci waya ba. Da ya tambaya sai ta tashi ta buɗe kwalla, ta ɗaga zannuwa uku, ta zaro ta daga can ƙasa. Ta ce ta ajiye ta ne ta huta.

Suna cikin haka wata maƙwabciya mai suna Sa'a ta yi sallama da yadin ƴaƴanta mata biyu, don Mauludi ya matso. Gwaggo, saboda idon ɗan yayanta, ta kunna wayar. Aka fara da ƙaramar, ta ce Najaha, ta faɗi awo, waya ta karɓa. Aka zo kan babbar, waya ta nemi suna. Sa'a ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi, don ƴar fari ce, uwa ba ta kama sunanta. Gwaggo ta matso da wayar bakinta ta ce, "Babbar ɗiyar Sa'a."

"Wannan ba suna ba ne," in ji muryar Sadisu daga cikin waya. "A sake faɗa."

Sadisu na kan tabarma ya yi gyaran murya, ya ce ai ita Gwaggo ba ita ta haifi yarinyar ba, sai ta faɗa da kanta. Gwaggo ta ce ita ma ba za ta iya ba, don yarinyar sunan uwar mijin ita Gwaggon gare ta. Sa'a ta tabbatar da kai.

Bayan Sa'a ta tafi, Gwaggo ta ba shi labarin ranar farko, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce ta so ta fara da awon mijinta don albarka.

"Na ce mata mai gidan nan. Ta ce ba suna ba ne. Na sake, ta sake. Sau uku, Malam Ƙarami, kuma da muryarka. Shekara talatin da ɗaya ina kiran bawan Allahn nan haka yana amsawa, sai yau waya za ta ce mini ba sunansa ba ne."

Ba wai Sadisu bai san kunya ba ne. Ya san innarsu ba ta taɓa kama sunan Yaya Marwan, ɗanta na fari, ba, kuma ya san babu matar da ke kiran mijinta da suna a gidansu. Amma shi na shida ne, wanda aka yi ta jifa da sunansa daga zaure zuwa madafa, don haka da ya zauna gaban ordinatar bai tuna suna yana da nauyi ba. Ya fara ƙirga da yatsu: miji, ɗan fari, uban miji, uwar miji, da duk wanda ya ci sunan ɗayansu. A gari kamar Matameye, wannan ya kwashe kusan rabin layi. Don ya ceci abin da ya saura, ya ce to ko da nasa ne ta gwada, su ga ko wayar tana ji da kyau.

Gwaggo ta dube shi da tausayi. "Sunan surukina fa gare ka, marigayi Malam na Kance. Kai da me ka zaci nake ce maka Malam Ƙarami?"

Bai faɗi abin da ya zata ba. Ya shanye furar, ya yi godiya, ya fita. A hanya ya wuce wata gona inda aka fara tuge gyaɗa ana shanyawa.

Kwana biyu ya yi yana neman dabarar da za ta bar masa jerin sunayensa. Ya yi tunanin ƙara "mai gida" a ciki, sai ya tuna kowace mace tana da nata. Rana ta uku bayan azahar ya cire jerin gaba ɗaya, da dokar, da aikin wata uku. Yanzu wayar tana gaisuwa tukuna, don Gwaggo ta yi ƙorafin wannan ma, sannan ta ce, "Na wa ne?" Duk abin da tela ya faɗa, ta karɓa, ta ajiye muryarsa tare da hoton ƙyallen yadin. In ana neman awo, sai a taɓa hoton, tela ya ji kansa yana cewa ɗan autan Hajiya mai waina, ko wannan na bayan masallaci. Wuni huɗu kacal aikin ya ɗauka, abin da ya ɗan ɓata masa rai. Ya kai wa Gwaggo ya sa mata sabuwar.

Malam Buraima bai tambayi ɗansa komai ba. Ana saura mako guda Mauludi ya sa hula ya tafi gidan ƙanwarsa don ya gwada ta, ya ce mata kamfani ya tashi, yaro zai koma garka, ta kawo wayar a cire abin. Gwaggo ta dakatar da keken ɗinki. Ta ce awon yara talatin da bakwai ne a ciki, ban da na amaryar Yauri da ƙawayenta, kuma mata biyu masu ɗinki sun zo jiya suna so a sa musu.

"Yaya, in ka taɓa wayar nan, kai za ka bi gida gida ka sake auna su. Ga metir can a rataye." Ta ƙara da cewa da farko abin ba shi da tarbiyya, amma yanzu ya gyaru.

Ranar da amalanke ya kawo buhunan farko, Sadisu na tsaye a ƙofar ɗaki bai san matsayinsa ba. Mahaifinsa ya ce mutum ɗaya ya nema, kuma ya gani da idonsa, maganar garka ta wuce. Sannan ya sa aka fara jera buhuna a jikin bangon gabas. Sadisu ya tuna masa cewa an yi alkawarin gyaɗa za ta nemi wani wuri.

"Ta nema," in ji Malam Buraima. "Ba ta samu ba."

Haka kamfanin yake har yau, rabi tebur, rabi buhuna. Teloli na zuwa daga Kance da Dawce, har Rabi'u ya zo sau ɗaya, wai don ya gani ne kawai, ya kuma bar wayarsa. Kujera ta biyu ba ta isa, sai su zauna a kan gyaɗa, su tafi da ƴar kaɗan a aljihu. A wayar Gwaggo kuwa akwai hoton wani shuɗin yadi, in aka taɓa muryarta ta ce Malam Ƙarami, tsawon hannu kuma daidai. Teloli duk sun ɗauki sunan. In wani baƙo ya tambayi Sadisu inda ya samo shi, yakan ce tun yana yaro aka sa masa, sai ya juya allon ordinatar ya shiga bayanin aiki.